Durƙuso a Kilomita na Huɗu

Assalamu alaikum, masu bibiyata a wannan shafi. Kafin in ce komai ina da roƙo guda: don Allah ku daina turo min bidiyon nan. Na gan shi. Ni ce a ciki. Ni ce yarinyar nan mai baƙin hijabi da lamba sittin da uku a ƙirji, wadda tana tsaka da tsere a kan titi ta ja birki, ta durƙusa har ƙasa ta gaida wani dattijo. Na ga masu rubuta “Allah ya ba mu suruka irinta”, na ga wanda ya ce a saka hotona a littafin 'yan firamare. Wata baiwar Allah ma cewa ta yi sai da ta yi kuka. Ni ma na yi kukan, 'yar uwa, amma nawa da naki ba dalilinsu ɗaya ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Bushra Salim, shekarata ashirin da biyu da wata tara, a Dala aka haife ni. Kakanninmu fatake ne da suka zo daga Gadamus, can bayan hamada, a kan raƙuma, suka sauke kaya a gindin dutsen Dala, kuma tun daga ranar da suka zauna ban jin an sake samun wanda ya yi sauri a zuri'ar. Matan gidanmu an san su da abu uku: alkaki, turaren wuta, da tafiya a hankali. Gwaggo Sa'ida, yayar Abbana da ke zaune tare da mu, na taɓa auna ta da agogo daga ƙofar ɗakinta zuwa zaure. Minti uku da rabi ta yi, tsakar gidan kuwa taku ashirin ne.

A wannan gidan Allah ya ga damar ajiye 'yar tsere.

Tun ina aji biyu a sakandare na fara, yau shekara shida ke nan ina hannun Koci Auwalu a filin wasa na Ƙofar Mata. Ba gudun rage ƙiba nake ba, ba kuma na ɗaukar hoto ba. Kilomita biyar nake gudu, mafi kyawun lokacina minti goma sha takwas da sakan hamsin da biyu. Na san wasunku za su ce to sai me. Ku fita gobe da safe ku gwada kilomita ɗaya, sai mu yi magana.

Tseren da aka yi ranar Asabar ɗin nan shi nake jira tun bara. Daga Ƙofar Nassarawa za a tashi, a ratsa cikin gari, a ƙare a gindin Dala. Masu shirya shi sun ce mata biyu na farko za a kai su sansanin horo na wata uku a Jos, daga can a zaɓi masu zuwa gasar ƙasa. Sharaɗin kuma kada mutum ya cika shekara ashirin da uku. Ni saura wata uku in cika, don haka babu wani baɗi a lissafina. Gurbi na ɗaya ba a ma maganarsa, na Ladi ne, wata 'yar barikin soja da ke gudu tana hira da na kusa da ita. Gurbi na biyu shi ne abin faɗa, tsakanina da Husaina 'yar Kabuga. Shekara uku muna karawa, ba mu taɓa rabuwa da fiye da sakan biyar ba.

Sai kuma Nazeer.

A filin wasan muka haɗu. Ya zo da sabon kayan motsa jiki tun daga hula har safa, wai zai rage tumbi. Zagaye ɗaya ya yi ya nemi wuri ya zauna, bai sake tashi ba sai da na gama zagaye goma sha biyu, sannan ya miƙo min ruwansa da ko buɗewa bai yi ba. Ɗan Alhaji Ashafa ne mai shagunan yadi a kasuwar Kwari. Yana da fara'a, yana sa ni dariya, kuma shi ne namiji na farko da bai taɓa tambayata yaushe zan daina gudu ba. “Gwarzuwata” yake ce min. Wata takwas ke nan da manyansa suka zo gaisuwa, amma maganar sa rana ta tsaya cik, domin Hajiyarsa ta ce ita ba ta gane wa yarinyar da ke tsere a titi ba. Tun daga lokacin, duk safiyar da nake atisaye a kan titi ba na bi ta layinsu. Ta bayan masallaci nake zagawa, ƙarin mita ɗari huɗu, don kawai kada wani babba na gidan ya gan ni a guje.

Ranar Laraba aka fitar da taswirar hanya. Ina buɗewa a waya na ga matsala. Na yi wautar nuna wa Umma a tsakar gida tana tuƙa tuwo, Gwaggo Sa'ida na kan tabarma tana gyara farce.

“Mu gani,” in ji Gwaggo. Ta sa tabarau, ta nisanta wayar da fuskarta. “Wannan jan layin ai ta ƙofar gidan Alhaji Ashafa ya bi.”

“Eh Gwaggo, daidai kilomita na huɗu.”

“Ni ban san kilomita ba, suruki na sani. In yana waje fa?”

“Sai in ɗaga masa hannu.”

Umma ta saki muciya a cikin tukunya. “Hannu? 'Yar sandan hanya ce ke?”

“Umma, tsere ne fa. Kowa ya san ba a tsayawa.”

“Kowa ban da mutanen cikin gari,” in ji Gwaggo. “Tashi Amina, zauna a kan turmin can, ke ce Alhaji. Bari in nuna wa 'yarki yadda ake yi, tunda turawa sun cinye mata ƙwaƙwalwa.”

Umma ta zauna a kan turmi ta haɗe rai. Gwaggo ta taho daga nesa, ta tsaya, ta zare takalmi ɗaya, ta zare ɗaya, ta gyara mayafi, ta sauka ƙasa a hankali. Ina kwana Baba. An tashi lafiya. Ya gida. Ya iyali. Ya kasuwa. Ya ƙarfin jiki. Umma kuma ta zama Alhaji sosai, har da gyaran murya da tambayar lafiyar mutanen da suka rasu tun ina goye. Ni dai na danna agogon hannuna a ɓoye.

“Sakan hamsin da biyu,” na ce da ta miƙe.

“Na me?”

“Na gaisuwar. Gwaggo, a sakan hamsin da biyu Husaina ta isa Dala ta sha ruwa ta kira gida.”

“To ta kira mana. Ita wa ke neman aurenta a layin?”

Na ce to ga shawara, ranar Juma'a in je har gida in gaida Alhaji sau biyu, ɗaya ta ranar, ɗaya ta Asabar. Gwaggo ta kalle ni ta saman tabarau ta ce gaisuwa ba tuwo ba ce da za a ajiye a ɗumama da safe. Ta ƙara da cewa takalmin ma sai na cire. Na ce igiya gare shi. Ta ce ai da hannu aka ɗaura.

Abba yana ɗaki da rediyonsa, duk yana jin mu. Da na leƙa neman ceto, abin da ya ce kawai shi ne, “Ki yi abin da ya dace.” Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san wannan maganar ba ta taɓa fitar da kowa daga rami ba.

Bayan la'asar na tura wa Nazeer saƙo.

Ni: Ka ga taswira?

Nazeer: Na gani gwarzuwata. Ta ƙofarmu za ki wuce, layinmu ya yi albarka.

Ni: Ba wasa nake ba. Baba yana zama a waje da sassafe?

Nazeer: Ranar Asabar? Ina. Lazimi yake har ƙarfe tara, ya karya, ya koma ya kwanta.

Ni: Bakwai da kwata zan wuce. Ka tabbata?

Nazeer: Ko ya ce zai fito ni zan tsaya a bakin zaure in tare shi. Ki bar min wannan, ke dai ki ciyo mana kofi.

Ni: Nazeer, sakan biyar ne tsakanina da Husaina. In na tsaya na rasa Jos, kuma ba ni da wata shekarar.

Nazeer: Na sani. Na yi miki alkawari.

Har da hoton zuciya guda uku. Na ajiye wayar ina jin kamar an sauke min tulu daga ka. A raina na ce Bushra kin yi dace, samun irin wannan a Kano sai an tona.

Asabar na yi sallar asuba, na sha ruwan zafi da dabino uku. Na sa dogon wando baƙi mai ɗan faɗi, riga mai dogon hannu har gwiwa, da ƙaramin hijabin da telan unguwarmu ya ɗinka min da yadi mara nauyi, bayan ya tambaye ni sau uku ko na tabbata ba na jariri ba ne. Umma ta tofa min addu'a a ka. Gwaggo ta leƙo ta taga ta ce in fesa turare, kada in wuce mutane ina warin rana.

Mu arba'in da ɗaya ne mata a bakin Ƙofar Nassarawa. An saki maza minti goma kafin mu. Koci Auwalu ya zo ya tsaya kusa da ni, bai kalle ni ba, agogonsa yake kallo.

“Kada ki bi Ladi,” ya ce. “Ki zauna a kafaɗar Husaina har kilomita uku. In kin ji numfashinta ya fara ƙara, ki tafi, kada ki waiwaya.”

Aka busa usur ƙarfe bakwai daidai.

Wanda bai taɓa tsere a cikin garin Kano ba bai san daɗin duniya ba. An ce an rufe hanya, amma ba a sanar da awaki ba. Mai shayi ya tsaya da kofi a sama ya manta yana zubawa. Wata tsohuwa ta fito da buta tana tambayar duk wadda ta wuce, “Gobara ce? A ina?” Wani mai babur ya jera da ni ya ce, “Hajiya hau in rage miki hanya, don Allah ba don kuɗi ba.” Ƙanshin ƙosai ya bi mu tun daga kilomita na ɗaya, ga wanda ya karya da dabino uku kuwa wannan zalunci ne.

Ladi ta ɓace mana tun kafin kilomita biyu. Na zauna a kafaɗar Husaina kamar yadda aka ce, ina kallon yadda hijabinta ke kaɗawa, ina jin takunta. Ƙafafuna sun yi sauƙi a ranar, irin sauƙin da ɗan tsere ke samu sau ɗaya ko biyu a shekara. Muna wuce alamar kilomita uku na ji numfashinta ya canja, ya fara fita da ƙara. Na buɗe taku na wuce ta. Ta yi ƙoƙarin maƙale min, na ƙara. Da muka sha kwanar da ke shiga layin su Nazeer, takunta ya yi nisa har ba na jin sa sosai. Daga baya Koci ya ce sakan bakwai na ba ta. Ban taɓa ba Husaina sakan bakwai ba a rayuwata.

Sai na ɗaga kai.

Jan kafet aka shimfiɗa a ƙofar gidan har bakin kwalta. A tsakiyarsa ga wata ƙatuwar kujerar falo mai hannun katako, irin wadda ba ta fitowa waje sai an yi rasuwa ko ɗaurin aure. A kanta ga Alhaji Ashafa cikin farar babbar riga, da carbi a hannu. Dama da hagunsa dattawa biyar, da fulas ɗin shayi, da faranti. Mutumin da aka ce min yana lazimi har ƙarfe tara. Na duba bakin zaure inda mai tare shi ya ce zai tsaya, ban ga kowa ba.

Ina so ku yarda da ni a nan, domin shi ne gaskiyar da bidiyon bai nuna ba: na yanke shawarar wucewa. Cikin taku goma na gama lissafi. Na ce zan sunkuyar da kai, in dafa ƙirji, in wuce, in ya so da yamma in zo in durƙusa har magariba. Na ma matsa ɗaya gefen titin.

“Bushra ce?”

Da ƙarfi ya faɗa, da muryar nan ta manya da ba ta saba a ƙi amsa ta ba. Wallahi ban san lokacin da na tsallaka titin ba. Shekara shida Koci Auwalu yana horar da ƙafafun nan, amma Gwaggo Sa'ida ta riga shi da shekara goma sha shida. Kaina yana cewa wuce, gwiwoyina suka lanƙwashe da kansu, sai ga ni a bakin kafet.

“Ina kwana, Baba.”

“Lafiya lau, 'yata. An tashi lafiya? Ya Malam Salim?”

“Lafiya ƙalau, Baba.”

“Ya Hajiya Sa'ida da ƙafa?”

“Da sauƙi, Baba.”

“Madalla. Ga Malam Ado nan, aminina ne, ba ki san shi ba.”

“Ina kwana, Baba.”

A daidai nan na ji ta. Takun Husaina ya taho ta bayana, ya zo daidai kunnena, ya wuce. Ko ganinta ban yi ba, idona na kan kafet. Alhaji ya ɗaga hannu biyu, dattawan nan biyar suka ɗaga, ni ma na ɗaga, don ba a miƙewa ana tsakiyar addu'a.

“Allah ya yi miki albarka. Allah ya ba da sa'a. Allah ya kai ki lafiya.”

“Amin, amin,” in ji dattawa, a natse, kowa da nasa jan.

“To maza je ki, kada su bar ki.”

Sun riga sun bar ni, Baba.

Sakan goma sha tara na yi a ƙasa, agogona ya nuna min daga baya. Duk ɗan tsere ya san tsayawa ba ita ce matsalar ba, tashin ne. Cinyoyina suka yi nauyi kamar an jiƙa katifa. Husaina ta ba ni wajen mita hamsin, ga hawa ya fara, don hanyar Dala ba ta san tausayi ba. Na bi ta. Ban taɓa gudu irin na wannan kilomitar ba. Tazarar ta dinga raguwa, na fara karanta lambar da ke bayanta, na fara jin numfashinta. Na ga Koci a gefen hanya yana dukan iska da hularsa. Da a ce hanyar ta ƙara mita ɗari da na kama ta, amma masu awo sun auna daidai.

Ladi ta ɗaya. Husaina ta biyu, minti sha takwas da sakan hamsin da takwas. Bushra Salim ta uku, minti sha tara da sakan biyu.

Sakan huɗu.

Husaina ta rungume ni tana haki. “Wallahi na zaci igiyar takalminki ce ta kwance,” ta ce. Na sunkuya ina mayar da numfashi. Koci Auwalu ya ƙaraso, ya dubi agogonsa, ya dubi ƙurar da ke gwiwoyina.

“Faɗuwa kika yi?”

“Gaisuwa na yi, Koci.”

Ya cire hularsa ya leƙa cikinta kamar ya ajiye wani abu, ya mayar, ya tafi wajen su Ladi. Da ma zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Aka rataya min lambar tagulla, aka ba ni fanka mai tsayuwa a cikin kwali, aka ce in yi murmushi za a ɗauki hoto.

Kafin adaidaita ta sauke ni a gida da fankata, bidiyon ya riga ni isa. Ina shiga zaure na ji guɗa. Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba: Gwaggo Sa'ida ta ratsa tsakar gida cikin ƙasa da minti ɗaya. Ta riƙe fuskata da hannu biyu.

“Jinin gidan nan bai ɓata ba,” ta ce. “Takalmin dai ba ki cire ba, amma an yafe.”

“Gwaggo, na rasa Jos.”

“Me aka ajiye miki a Jos in ban da sanyi?”

Umma ce kaɗai ta kalli idona. Ta karɓi kwalin fankar ta ce in je in yi wanka. A banɗaki na yi kukana, na buɗe famfo don kada a ji. Haushin kaina nake ji, ba na kowa ba. Har tausayin Nazeer na ji, na ce wataƙila Alhaji ne ya fi ƙarfinsa, yanzu yana can kunya ta hana shi kirana.

Bayan azahar sai ga gwaggwannin Nazeer biyu sanye da leshi da gwala-gwalai. Suka ce Hajiya ta kalli bidiyon sau bakwai, ta ce ashe ba ta san zinariya ba, a faɗa wa Malam Salim a zo a sa rana. Aka sake wata guɗar. Ina ɗaki ina shafa man zafi a cinya wayata ta yi ƙara.

Nazeer: Gwarzuwata kin ga aiki? Mutum dubu tamanin sun kalla. Ga cikakken nan, wanda ke yawo an yanke farkonsa.

Na buɗe. Minti ɗaya ne kafin in bayyana. Ana ganin kafet, ana ganin Alhaji yana gyara zama, mai ɗaukar kuma yana tsaye a bayan wata mota, shi ya sa ban gan shi ba. Amma muryarsa ko a cikin kasuwar Kurmi zan gane ta.

“Baba gyara rigarka, sun kusa. In ka ga mai lamba sittin da uku ka kira sunanta da ƙarfi, in ba haka ba ba za ta ji ba.”

“Kai Nazeer,” in ji Alhaji, “ba za mu tsayar da yarinyar mutane ba kuwa? Na ga kamar da gaske suke gudun nan.”

“A'a Baba, ita ta ce tana son albarkarka. Ai wasa ne kawai.”

Sau uku na mayar da wurin. Ya turo min da hannunsa, don bai ma ga abin ɓoyewa a ciki ba.

Bayan la'asar ya zo, cikin shadda ruwan toka tana ɗaukar ido, turarensa ya riga shi shiga zaure. Na fito da dogon hijabina na zauna a kan dakali, ya tsaya yana murmushi har kunne.

“Kin ga dabara ko? Wata takwas Hajiya tana ja min rai. Cikin sakan nawa na gama da ita?”

“Goma sha tara.”

“Na'am?”

“Sakan goma sha tara. Husaina kuma da huɗu ta riga ni.”

“Haba Bushra, ta uku fa kika zo. A cikin mutum arba'in. Har da fanka.”

“Ka ce min lazimi yake har tara.”

“Ai da gaske lazimin yake, da ƙyar na fito da shi. Kujerar nan ni kaɗai na sauko da ita daga bene, kin san nauyinta kuwa? Har yanzu bayana ciwo yake.”

Ya tsaya yana jiran in yi masa sannu.

“Ka yi min alkawari, Nazeer.”

“Na yi, amma ki duba abin da muka samu. Kuma tsakani da Allah, Jos ɗin nan ko kin ci, kina ganin za a bar ki ki je wata uku ana maganar biki?”

“Da ka bari an hana ni. Da na san da wa zan yi rigima.”

“Ni fa na san ba za ki iya wuce Baba ba,” ya ce, ya sassauta murya kamar mai yabo. “Na san tarbiyyarki. Shi ya sa ban ji tsoro ba.”

Wannan ce ta fi yi min ciwo, har yanzu kuma ita ke ci na. Ya san gwiwoyina fiye da yadda na san su, ya kuma yi lissafinsa a kansu. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son Nazeer, ko a lokacin da nake kallonsa a zauren ina son sa. Amma na tuna wata takwas yana ce min gwarzuwa, ashe a ransa wasa nake. Na miƙe na ce masa ana kirana a ciki, alhali ba mai kirana.

Jiya Lahadi ya kira sau goma sha ɗaya. Gwaggo ta fara lissafin wa za a ba ɗinkin anko. Abba ya ce ba zai ba mutane amsa ba sai ya ji daga bakina, Umma kuma ta kafa fankar a ɗakina. Koci ya turo saƙo ɗaya tak: “Litinin, shida da rabi, kilomita takwas a titi. In kina so.”

Yau da safe na ɗaura takalmina na fita. Da na iso mararrabar da nake zagawa ta bayan masallaci, sai na miƙe kai tsaye cikin layinsu, karo na farko a wata takwas. An naɗe kafet ɗin. Kujerar tana nan a cikin zaure, ba a samu mai mayar da ita bene ba. Nazeer yana tsaye a jikin motarsa da makulli a hannu, da alama gidanmu zai nufa. Ya gan ni, ya tako har bakin kwalta, ya ɗaga hannu.

“Bushra. Tsaya mana mu yi magana.”

Na saurari gwiwoyina in ji abin da za su ce. Ba su ce komai ba, sai na wuce.

Wannan kilomitar minti uku da sakan talatin da takwas na yi ta.